Zanen da Na Wanke a Bangon Shawa

Laraba, 8 ga wata, bakwai na safe

Yau na shiga banɗakin, karo na farko tun ranar Asabar. Kwana huɗu ina wanka da bokiti a bayan kicin, kamar baƙuwa a gidana.

Komai yana nan yadda aka bar shi. Gam ɗin tayil ya daskare a roba, cokalin Injiniya a tsaye a tsakiya, na ja na ja ya ƙi fita. Takalminsa ƙafa ɗaya a bakin ƙofa. Ɗayar ƙila a motar da ta kai mu asibiti ta faɗi.

Injiniya nake ce masa tun muna sababbin aure, don tsokana, shi kuwa mai manna tayil ne. Shekara ashirin da shida yana ƙawata banɗakin mutane, namu siminti ne tsirara. Duk ranar da na yi magana sai ya ce gobe. Sai watan jiya ya tashi haiƙan, ya fasa bangon shawa, ya sa sabon fayif da hannunsa, ya shafe da fulasta. Ranar Asabar ya kafa katakonsa a ƙasa ya fara jera tayil a kai. Layi biyu ya yi, da guda biyu a na uku. Na ƙarshen ya karkace. Mutumin da yake ɓamɓare tayil in ya goce da kaurin farce. Na daɗe ina kallon karkataccen nan.

Laraba, biyar na yamma

Ba canji. Ya buɗe ido, ya kalle ni, ya kalli fanka.

Alhamis, 9 ga wata, huɗu na yamma

Ya yi magana. Kalma ɗaya. Nas ta kawo ruwa ta ce zai sha? Ya ce, "Gobe." Ta ce ina ke ciwo? Ya ce, "Gobe." Ta ce mini haka abin yake yi wa wasu, kalma ɗaya ke saura a baki, ba wai nufinsa ke nan ba. Duk kalmomin duniya a rasa wadda za ta tsira sai wannan! Na yi dariya har da riƙe ciki, sai na fita baranda na yi ɗaya abin.

Asabar, 11 ga wata, sha biyu na rana

Yaya ya iso. Wan Injiniya ne, shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, har yau kuma kallon yaro yake masa, mutum da furfura a gemu. Ya tsaya a kansa ya kira shi sau uku da sunan gida. Injiniya ya kalli fanka.

A baranda ya ce mini, "Ƙanwata, mu gaya wa kanmu gaskiya. Yaron nan ba ya gane kowa. In sun sallame shi, gidana zan tafi da shi. Ga ɗaki, ga banɗaki a ciki, ga masu ɗaga shi."

Na ce, "Yaya, ni fa?"

Ya ce, "Ki riƙa zuwa."

Tafiyar awa shida ce. Ya kuma san ba zan iya barin Inna ba, mahaifiyata, da take ɗakin baya ido ya tafi. In riƙa zuwa, wai.

Litinin, 13 ga wata, biyu na rana

Likitar gashin ƙashi, wata 'yar siririya mai saurin magana, ita ke motsa masa hannu da ƙafa kullum. Na tare ta a hanya na tambaye ta.

Ta ce, "Mama, ni ba ruwana da gidan wa za shi. Banɗaki nake dubawa. Kujerar roba, ƙasa mara santsi, da ƙarfen riƙo a jikin bango ta hagunsa, tunda na daman..." Ba ta ƙarasa ba. "Juma'a talatin da ɗaya za mu sallame shi. Larabar da ke kafinta zan zo da shi gidan in gani da idona. In bai yi ba, sai na yayansa."

In ya zauna, hagunsa bangon shawa ne. Ɗaya gefen ƙofa ce.

Yaya ya ce in dai na dage, zai turo mai tayil. Na ce a'a. Injiniya ya dawo ya tarar da hannun wani a bangonsa? Ai sai ya koma asibitin da ƙafarsa. Shekarunmu na farko ni nake kwaɓa masa gam, ni nake miƙo tayil. Mai yanka yadi a kan awo ba za ta kasa wannan ba.

Kwana goma sha shida.

Talata, 14 ga wata, goma na safe

Na rufe keken ɗinki da zani, na kira masu kaya na ba su haƙuri. Na fasa robar gam da guduma na ceto cokalin.

Sannan na wanke bangon tas. Injiniya ya cika shi da zanen fensir, kuros-kuros, alamar X, a jere kamar tururuwa, tun daga bakin famfo har kusurwa. Awa guda ina dirza da soso. Ni tela ce, ban taɓa miƙa wa mutum riga da alli a jiki ba. Shi ma da bakinsa yake cewa gam ba ya kama datti. Yanzu bangon fes. Shi ne abu na farko da na yi daidai tun Asabar.

Laraba, 15 ga wata, shida na yamma

Tayil shida. Bayana kamar ba nawa ba.

Muryarsa nake ji ina aikin. Kwaɓin ya yi kaurin man goge baki. Ki ja da gefen cokali mai haƙora, layukan su kalli gefe ɗaya. Kar ki shafa fiye da abin da za ki rufe kafin shayi ya huce. Ki danna, ki ɗan murza. Robobin tsakani huɗu-huɗu. Ki ɗora lebul, ƙwayar ruwan ta tsaya a tsakiya. Mutumin nan surutu ne da shi a wurin aiki kamar rediyo, sau nawa na ce ya bar kunnena ya huta.

Karkataccen nasa ban taɓa ba. Na ɗan buɗe tazarar na kusa da shi, layin ya miƙe a hankali.

Alhamis, 16 ga wata, takwas na safe

Inna ta lallaɓo bango har bakin banɗakin. Ta ce, "Na ji ƙarar cokali, na ɗauka ya dawo." Na ce ni ce. Ta ce, "To." Ta daɗe a tsaye kafin ta juya.

Juma'a, 17 ga wata, ɗaya na rana

Ina neman abin yankan tayil a akwatin kayan aikinsa, sai na ci karo da katin maganin hawan jini uku a ƙarƙashin tef ɗin awo. Ko ƙwaya ɗaya ba a ɓalle ba. Wata uku ke nan kullum da safe sai na tambaye shi ya sha? Ya ce ya sha.

Na mayar da su inda suke. Da yana da baki yau da mun kwashi 'yan kallo.

Asabar, 18 ga wata, huɗu na yamma

Sati biyu.

Lahadi, 19 ga wata, uku na yamma

Na shafa gam a layi na shida waya ta yi ƙara. Asibiti. Zazzaɓi ya rufe shi, in zo. Na manna tayil ɗin da ke hannuna haka nan na fita, ko hannu ban wanke ba.

Ya sauka yanzu. Sun ce ba wani abu ba ne. Kullum haka suke cewa.

Litinin, 20 ga wata, tara na safe

Yana da wata ɗabi'a: in ya gama aiki sai ya bi tayil ɗaya-ɗaya yana ƙwanƙwasawa da ƙashin yatsa. Mai cike da gam yana cewa tif. Wanda iska ta zauna a bayansa yana cewa ƙwal. In ya ji ƙwal sai ya ja wani dogon tsaki, ko a gidan wa yake.

Na gwada. Na jiya, layi na shida, na uku daga hagu, ƙwal yake cewa. Ba lokacin cirewa. Wa zai sani?

Laraba, 22 ga wata, biyar na yamma

Na kai sama. Na ɓata tayil huɗu kafin na fitar da ramin famfo, na biyar ya yi. Na cire katakon ƙasa, na auna layin ƙarshe ɗaya-ɗaya na yanka, don daɓen ba daidai yake ba. Wannan kam ɗinki ne, ban sha wuya ba. Yatsuna duk sun tsage, siminti ya cinye su.

A asibiti na nuna masa hannuna. Ya kalla. Ina ga ya kalla.

Alhamis, 23 ga wata, sha ɗaya na safe

Na cike tsakanin da farin siminti, na goge. Wallahi ya yi kyau. Na zauna a kan bokiti ina kallonsa, na ji yunwa karo na farko cikin kwanaki. Saura ƙarfen riƙo. Dogo mai famfo, abokin aikinsa na shekaru, zai zo da injin huda anjima.

Alhamis, uku na yamma

Bari in rubuta.

Dogo ya yaba aikin, ya ce, "Hajiya, ai kin kore mu daga sana'a." Ya ɗora ƙarfen a bango, ya tsaya. Ya ce, "Ina fayif ya bi?"

Na ce, "Ba miƙe yake daga ƙasa zuwa famfo ba?"

Ya ce, "Na kowa haka yake, ban da na mijinki. Ruwanku ta kicin yake shigowa, ta kusurwar nan. Dole ya ratsa ta nan, daidai inda ƙarfen zai zauna. Shi kuma ba ya ja miƙe, sai ya yi gwiwa. Amma ba ya rufe fayif bai zana hanyarsa a kan fulasta ba. Kin ɗauki hoton zanen kafin ki rufe ko?"

Ya kalle ni, ya kalli soson da ke kan taga, ya cire hularsa ya sosa kai.

Fayif ɗin na roba ne, ba na'urar da za ta gano shi. In ya huda ya same shi, sai an fasa tayil da fulasta, a gyara, a jira ya bushe, a sake. Sati biyu, in an yi sauri. Ya ce, "Mutum ɗaya ne ya san inda yake."

Awa guda na yi ina dirzawa. Har ina yabon kaina.

Juma'a, 24 ga wata, bakwai na safe

Na tsaya gaban bangon na rufe ido. Daga famfo kuros ɗin suka tashi, suka yi hagu, suka sauko, suka sake yin hagu. A ina suka sauko? Bayan tayil biyu ne, ko uku? Da safe na rantse biyu ne. Yanzu ban sani ba.

Juma'a, biyar na yamma

Na ɗauki hoton bangon a waya na kai masa. Na ce, "Injiniya, duba. Ina fayif?" Ya kalli wayar, ya juya fuskarsa ga bango. Ban sani ba ko bai gane ba ne, ko ya gane ne.

Asabar, 25 ga wata, huɗu na yamma

Na zana bangon a takardar yankan kaya, gida-gida, na sa masa fensir a hannun hagu. Fensirin ya faɗi. Na sake sawa. Ya ce, "Gobe."

Lahadi, 26 ga wata, biyu na rana

Yaya ya bugo. Dogo ya gaya masa, bakin Dogo ba ya riƙe ruwa, mai famfo ke nan. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya ce, "Kin yi ƙoƙari, ƙanwata, Allah ya gani. Na sa an share ɗakin. Zan zo Laraba da mota babba, in kwana biyu, Juma'a mu wuce."

Litinin, 27 ga wata, tara na safe

Tayil saba'in da biyu ne. Na ƙirga sau uku. Ban san amfanin ƙirgawar ba.

Talata, 28 ga wata, shida na yamma

Da safen Asabar ɗin ya zauna a bakin gado riƙe da kai. Ya ce kamar ana sara masa guduma, bari ya bar aikin sai gobe. Na ce masa ai kai ke ciwo, ba hannu ba. Ya yi dariya ya tashi.

To, na rubuta.

Laraba, 29 ga wata, bakwai na safe

Na share, na sake sharewa. Kujerar roba tana ciki. Dogo ya ce zai zo da injinsa ko da wani abu. Ban iya shan ko shayi ba.

Laraba, shida na yamma

Sun iso bayan azahar, Injiniya da likitar gashi. Yaya ya riga su. Aka turo shi a keken marasa lafiya har bakin banɗaki, Dogo da Yaya suka ɗaga shi suka ɗora a kujerar. Ya rame, rigar da na ɗinka masa bara ta zama ta aro.

Likita ta duba ƙasa, ta duba kujera, ta ce, "Mama, ina ƙarfen?" Na nuna mata shi a jingine a kusurwa. Na gaya mata gaskiya. Ta duba agogonta.

Shi kuwa bangon yake kallo. Ba fanka a banɗaki, amma ba don haka ba ne. Idonsa bin layi yake, daga hagu zuwa dama, ya hau na sama, kamar mai karatu. Da ya zo kan karkataccen nasa ya daɗe.

Dogo ya durƙusa ya sa masa maka, alƙalamin zane, a hannun hagu, ya ce da ƙarfi kamar mai magana da kurma, "Oga! Ƙarfen nan za mu kafa. Ina za a huda?"

Makar ta faɗi. Na ɗauka na sa masa, na naɗe yatsunsa a kai. Yaya ya ce, "Ku bar wahalar da shi, don Allah." Sai hannun ya tashi yana karkarwa. Ya yi kuros a tayil na kusa da famfo. Ya yi wani a na gaba. Ya sauko ya yi na uku, ya yi na huɗu can wajen kusurwa. Hannun ya faɗi a cinyarsa.

Dogo ya yi tsalle. "Rami huɗu! Daidai na ƙarfen!" Ya ɗauko inji ya ɗora bakinsa a kan kuros na farko.

Ban san lokacin da na riƙe hannunsa ba. Na ce, "Kar ka taɓa."

"Hajiya, kuros ai nan ake hudawa, kowa ya sani."

Na ce, "Ban da shi. Irinsu na wanke. Sun fi ashirin, ɗaya bayan ɗaya na dirje su. Wa zai huda rami ashirin a jere? Wannan fayif ne. Inda zai huda zagaye yake yi. Je ka duba ƙarƙashin kantar kicin, suna nan har yau."

Yaya ya girgiza kai. "Kin gani ko? An tambaye shi abu, ya yi wani daban."

Na ce, "Yaya, da girmanka, ba ka taɓa ganinsa a bakin aiki ba. Ba ya nuna inda za a taɓa sai ya fara nuna inda ba a taɓawa." Muryata ta fi yadda ya kamata in yi wa Yaya, amma ta riga ta fita.

Na durƙusa a gabansa. Ban ɗaga murya ba. Na ce, "Injiniya, fayif mun gani. Saura wurin ƙarfe."

Ban san minti nawa muka yi ba. Likita ta daina duba agogo. Hannun ya sake tashi. Ya yi zagaye ɗaya, kamar ƙwai, yatsa huɗu a saman kuros na biyu. Ya huta. Ya yi wani can hagu, a layi ɗaya da shi.

Dogo ya ce kowane zagaye rami biyu ne, kuma a bar ruwa a buɗe, in mun taɓa mu sani nan take. Ya ce, "Hajiya, in huda?" Ni ya tambaya, ba Yaya ba. In ruwa ya fito, bangon ya tafi, mijina ya tafi, kuma maganar Yaya ta tabbata, ba kowa a cikin jikin nan. Na ce, "Bismillah."

Injin ya yi kuka a kan tayil, ya shige. Ƙura ta zubo. Na tara tafin hannuna a ƙasa. Busasshiya. Na biyu, busasshiya. A na uku injin ya ɗan tsaya, zuciyata ta tsaya tare da shi, ashe dutse ne a cikin bulo. Na huɗu, busasshiya. Har yanzu ƙurar tana cikin aljihuna, ban san dalilin da ya sa na zuba ta ba.

Dogo ya ɗaure ƙarfen, ya rataya a jiki da duk tsawonsa, bai motsa ba. Likita ta ɗora hannun Injiniya a kai, ta ce, "Baba, bismillah, ja." Ya ja. Ta tallafe shi ta dama. Ya miƙe tsaye a banɗakinsa. Ta ciro biro ta yi rubutu a takardarta, ta ce, "Juma'a a kawo shi nan."

Yaya ya ce ƙurar nan ta shiga masa ido, ya fita tsakar gida.

Muna shirin zaunar da shi sai ya jingina kafaɗa da bango, ya saki ƙarfen. Likita ta riƙe shi gam. Ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa tayil ɗin da ke gabansa. Tif. Na kusa da shi. Tif. Na gaba, layi na shida, na uku daga hagu.

Ƙwal.

Ya juyo ya kalle ni, ni ɗin sosai, ya ja tsakin nan da rabin bakinsa, dogo, har ƙarshe.

Na ce, "Na sani. Zan cire shi in sake."

Ya ɗora tafin hannunsa a kan tayil ɗin ya rufe shi. Ya ce, "Gobe."

Shekara ashirin da shida ina jin kalmar nan ina masifa. Yau na ce masa to.